Banki da kamfanin jirgi sun kai juna kotu kan katin tara mil: ina makomar abin da na tara?

"Assalamu alaikum Barista. Ina zaune a Amurka, ina da katin bashi na American Airlines wanda bankin Barclays ya ba ni, na daɗe ina tara mil da shi saboda ina son in kai iyali gida ganin dangi. Yanzu an ce katin zai koma hannun Citi. Wani abokin aikina ya ce min wai dama bankuna da kamfanonin jirgi sun saba kai juna kotu a kan irin waɗannan katunan, har hankalina ya tashi. Don Allah me ke haɗa su rigima, kuma idan suka yi faɗa mil ɗin da na tara zai iya bin ruwa?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya. Ta farko me zai sa banki da kamfanin jirgi, waɗanda sunayensu ke manne a jikin kati ɗaya, su ƙare a gaban alƙali, ta biyu kuma wadda ita ce ta fi damunka, ko rigimarsu za ta cinye maka abin da ka sha wahalar tarawa. Bari in fara kwantar maka da hankali kafin dogon bayani. Wannan sauyin daga Barclays zuwa Citi ciniki ne, babu wanda ya kai wani ƙara. A watan Disamban 2024 American Airlines ya sanar da cewa ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da Citi, shi kaɗai zai riƙa fitar da katunansa daga 2026, kuma Citi ɗin ya amince ya sayi kwastomomin da ke hannun Barclays. Mil ɗin, wato makin da kake tarawa ka karɓi tikitin jirgi da shi, in ya riga ya shiga asusunka na AAdvantage, shirin tara mil na American Airlines, yana wurin kamfanin jirgi ne, don haka canjin banki ba ya taɓa shi. Amma fa abokin aikinka bai yi ƙarya ba, katin nan da ke aljihunka ma in ka bi salsalarsa daga cikin wata shari'a ya fito, zan zo kanta.

Na daɗe ina aikin duba takardun yarjejeniya a sashen katuna na banki, kuma abin da na gane shi ne mutum ba zai fahimci wannan faɗan ba sai ya san yadda kuɗin ke yawo tukuna.

Yadda kuɗin ke yawo

Mil ɗin nan da ake ce maka kyauta ce, haja ce ta sayarwa. Kamfanin jirgi ne ke ƙirƙirarsa, banki ya saya da tsabar kuɗi, sannan ya miƙo maka. Ka shiga shago ka yi sayayyar dala 100 da kati, mai shagon ba ya karɓar 100 ɗin nan cif, ana cire wajen dala 2 ko sama da haka, kuma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba ka katin ne. To daga wannan kamashon, da kuɗin shekara da kake biya, da kuɗin ruwan da ake ɗora wa waɗanda ba su biya bashinsu duka a ƙarshen wata ba, daga nan banki ke sayo mil. Farashin da yake saya a ɓoye yake a cikin takarda, masu nazarin harkar dai suna ƙiyasta shi tsakanin santi 1 zuwa 2 kan kowane mil.

Yanzu ka duba ta ɓangaren kamfanin jirgi ka ga irin garaɓasar. Ya karɓi kuɗi yau, kujerar da zai ba ka sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, wataƙila ma kujera ce da dama babu kowa a kanta, wasu kuma har abada ba za su zo karɓa ba, sannan shi ne da kansa yake yanke mil nawa kujerar za ta ci, in ya ga dama gobe ya ƙara. Babu wata sana'ar da na sani da mai kaya ke da irin wannan ikon. Shi ya sa abin da American ya fara a 1981 don kawai ya riƙe fasinja, ya haɗa kai da Citibank suka fitar da kati a 1987, ya zama a yau yana gogayya da ainihin tuƙa jirgin wajen kawo riba. Kamfanin jirgin Delta kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 7.4 daga American Express, mai fitar da katinsa, a 2024. Lokacin korona da jirage suka zauna a ƙasa, abin da aka jinginar aka ci bashi shi ne shirin mil ɗin: United ya samo dala biliyan 6.8 a 2020, kuma an kimanta shirinsa na MileagePlus a kan wajen biliyan 22, wato ya fi ƙimar kamfanin gaba ɗaya a kasuwar hannun jari a lokacin, Delta ya samo biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara cakuɗa zaman. Idan kamfanin jirgi ya shiga matsi, bankin nan ne yake rugawa wurinsa ya ce sayi mil na shekaru masu zuwa ka biya ni yanzu. American Express ya yi wa Delta haka da dala miliyan 500 a 2004, Citi ya yi wa American da biliyan 1 a 2009. Kaga kenan banki ya zama kwastoma, ya zama abokin kasuwanci, ya kuma zama mai bin bashi duk a lokaci guda, kuma kowace ɗaya daga cikin ukun nan tana da abin da take so wanda bai zo ɗaya da na sauran ba.

Shari'ar da ta haifi katinka

A watan Satumban 2004 kamfanin jirgin US Airways ya sake shiga kotun fatarar kuɗi, karo na biyu cikin shekara biyu da ɗoriya. Hanyar tsira da aka samo ita ce ya haɗe da America West, kuma an kammala haɗewar a ƙarshen Satumban 2005. Sai dai haɗewa tana son kuɗi a hannu, kuma cikin waɗanda suka kawo akwai wani banki mai suna Juniper da ke Wilmington a jihar Delaware, wanda Barclays ya saya a 2004. Juniper ya zuba kimanin dala miliyan 455, mafi yawa kuɗin sayen mil ne tun kafin lokaci, sauran kuma tukuicin sa hannu, shi kuma a ba shi damar fitar da katin sabon kamfanin. Matsalar ita ce US Airways yana da bankinsa tun da can, Bank of America, da yarjejeniyarsu a rubuce. Kishiya aka yi masa, kuma amaryar da dukiyarta ta shigo a lokacin da maigida ba shi da ko na cefane, ka san ba za a ce ta koma ba.

A watan Oktoban 2005 Bank of America ya shigar da ƙara a kotun Chancery ta Delaware. Iƙirarinsa shi ne US Airways ya karya alkawari da ya ƙulla irin wannan yarjejeniyar da abokin hamayya, kuma uwar kamfanin da America West su ne suka zuga shi. Abin da nake so ka lura da shi shi ne abin da ya roƙa. Ya nemi diyya kam, amma babbar buƙatarsa a tilasta wa kamfanin jirgin ya ci gaba da tallata katinsa, a kuma hana Juniper fitar da nasa. Me ya sa? Saboda duk lauyan da ya yi irin wannan aikin ya san diyya ba ta maido da kwastoma. Mutumin da ya saba zaro kati kaza daga aljihu, ya ɗora kuɗin waya da na inshora da na intanet a kansa, in ya koma wani katin ya tafi kenan, kuma babu akawun da zai iya lissafa maka abin da za a ci a jikinsa cikin shekara goma ta yadda alƙali zai gamsu. Ita kuma kotun Chancery dama an san ta da bayar da irin wannan umarni na "yi" ko "bari", alƙali ne ke yanke hukunci babu masu taya shi daga cikin jama'a, ga shi kuma manyan kamfanonin Amurka da yawa a Delaware suke da rajista.

Juniper da ba a sa sunansa a ƙarar ba da farko bai tsaya kallo ba, ya nemi kotu ta shigar da shi ta kuma yarda, ya mayar da nasa ƙorafin a kan Bank of America. Ai dole, wanda ya zuba miliyan 455 ba zai bari a yanke hukunci a bayan idonsa ba. Aka yi ta ja har suka sasanta a wajen kotu, na wani lokaci katunan biyu suna yawo tare, daga baya fagen ya zama na Barclays shi kaɗai.

To sai ga shi a Disamban 2013 US Airways ya haɗe da American, wanda shi kuma yana tare da Citi tun 1987. Matsala iri ɗaya sak, banki biyu kamfani ɗaya. Wannan karon ba a je kotu ba, a 2016 aka raba musu fili: Barclays ya yi talla a cikin jirgi da filayen jirgi, Citi ya riƙe intanet da wasiƙu da ɗakunan hutawa. In har a cikin jirgi ka karɓi fom ɗin katinka, ma'aikaciya na bin layin kujeru da takardu a hannu ana sanarwa a lasifika daf da sauka, to wannan rabon ne ya kawo ta kanka. Sanarwar Disamban 2024 ita ce ta kawo ƙarshen zaman.

Wasu biyun da suka nuna inda gizo ke saƙar

Ta Northwest ta fi fito da ainihin abin fili. Delta ya haɗiye Northwest a Oktoban 2008, kuma Delta na American Express ne, don haka U.S. Bank da ya daɗe yana fitar da katin WorldPerks, shirin mil na Northwest, ya ga an bar shi a waje. Shi kuma ya ce to ai mutanen nan masu asusu ne a wurina, ni na tantance su, ni na ba su bashi, sai ya ƙirƙiro nasa katin ya sa masa suna FlexPerks ya fara aika musu. A 2009 Northwest ya maka shi a kotu a Minnesota, inda dukansu biyu suke da hedikwata, yana cewa sunan ya yi kama da nasa har zai rikita mutane su ɗauka katin jirgi ne. Ba a daɗe ba suka yi sulhu, sunan FlexPerks kuma ya ci gaba da aiki shekaru. A takarda shari'ar suna ce, amma kowa ya san abin da ake ja a kai: mutanen nan na waye?

A Kanada kuwa abin bai kai ga hukunci ba amma an kai ruwa rana. Can shirin tara mil na Aeroplan an cire shi daga jikin Air Canada ya zama kamfani mai zaman kansa, wanda daga baya ya koma Aimia. Bankin CIBC ya fi shekara ashirin yana fitar da katinsa, sai a 2013 Aimia ya ce ya daidaita da bankin TD. CIBC ya ce a takardarmu ina da haƙƙin a fara nuna min tayin wani in ga ko zan biya daidai da shi, kuma sanarwar da aka ba ni ba ta cika sharaɗi ba, ya yi barazanar zuwa kotu. A Satumban shekarar aka raba gardama, TD ya sayi kusan rabin kwastomomin, galibi waɗanda kati kawai ya haɗa su da CIBC, masu sauran hulɗa da bankin kuma suka zauna. Ba wanda ya tambayi mutanen ina suke so. Bayan nan a 2017 Air Canada ya ce shi ma zai rabu da Aimia ya kafa nasa shirin, hannun jarin Aimia ya zube sama da rabi a yini ɗaya, ƙarshe Air Canada da TD da CIBC da Visa suka haɗu suka sayo Aeroplan a kan dalar Kanada miliyan 450, da ɗaukar nauyin mil ɗin da ke hannun jama'a na wajen biliyan 1.9.

Akwai wata rigimar daban da mutane kan haɗa da wannan, ta bankin da ke karɓar wa kamfanin jirgi kuɗin tikiti. Idan ya ji ƙishin-ƙishin kamfanin na tangal-tangal sai ya fara riƙe kuɗin don kar jirgi ya daina tashi a dawo kansa neman a maido. Frontier ya ɗora laifin shigarsa kotun fatarar kuɗi a Afrilun 2008 a kan irin wannan yunƙuri na First Data. Ba ta shafi mil kai tsaye ba, sai dai wani lokacin banki ɗaya ne ke riƙe da ayyukan biyu, kamar yadda Bank of America ya kasance a wurin US Airways a wancan lokacin, kaga ko ja-in-ja da shi sai an yi a hankali.

Abin da na gani a teburin yarjejeniya

Wani zama da ba na mantawa da shi, tsakanin wani banki da wani kamfanin jirgi, farashin mil kafin azahar an gama shi, kowa ya zo da lissafinsa aka haɗu a tsakiya. Inda aka kafe shi ne wani ɗan sakin layi can wajen ƙarshen takardar, a ƙarƙashin abin da zai faru ranar rabuwa. Lauyar kamfanin jirgin ta zagaye shi da jan biro ta turo min ta kan tebur, tambayarta guda ce: ranar da muka rabu, wa ke da ikon fara rubuta wa masu katin wasiƙa, kuma me zai ce musu? Shayi ya huce a kofuna, aka kunna fitilu, ana nan ana musu a kan ko banki zai iya ambaton kalmar tafiya a tallan sabon katinsa cikin watannin farko bayan rabuwa. Tun daga ranar, duk takardar irin wannan da aka kawo min daga baya nake fara karanta ta.

Kusan duk shari'ar da na ambata a sama daga irin waɗannan layukan take tasowa. Sharaɗin cewa banki kaza shi kaɗai ne, amma ba a faɗi me zai faru ba in kamfanin ya haɗe da wani mai nasa bankin, ko an faɗa amma da kalmar da za ta ɗauki fassara biyu. Haƙƙin biyan daidai da tayin wani, inda sabon mai taya yakan saka sharuɗɗan da ya san tsohon ba zai iya cikawa ba. Farashin da za a sayar da kwastomomi in an rabu, da wanda zai yi kimar. Sai kuma wanda banki ya fi jin zafinsa a ɓoye, wato kamfanin jirgi ya rage darajar mil ko ya janye jiragensa daga garin da bankin ya fi yawan mutane, alhali shi bankin ya riga ya biya kuɗin shekaru gaba. A ganina laifin ya fi yawa a wurin masu rubutawa, don lokacin ƙulla abu kowa na murna, ba mai son ya kawo zancen rabuwa, sai a bar wurin a dunƙule a ce in an zo can a gani. Kuma dalilin da ya sa kusan duk suke ƙarewa da sulhu shi ne shari'a za ta tilasta a baje farashi da sharuɗɗa a fili, abin da duk su biyun ba sa so abokan hamayya su gani.

Kai fa, ina matsayinka?

Nan ne abin yake min ciwo gaskiya. Kai ake faɗa a kanka, amma ba ka cikin yarjejeniyarsu, ba ka da bakin magana a cikinta. Abin da kake da shi takardu biyu ne daban: ta banki wadda ta ce in ka kashe kaza za a tura maka mil kaza, da ta kamfanin jirgi wadda in ka karanta za ka ga ta ce mil ba dukiyarka ba ne kuma suna iya canza doka duk sanda suka so.

Kotun ƙolin Amurka ta taɓo maganar sau biyu. Akwai dokar 1978 da ta cire hannun gwamnati daga farashin jirage, ta kuma hana jihohi yin dokar da ta shafi farashi da hanyoyi da hidimar kamfanonin. A 1995, a shari'ar American Airlines da Wolens, wasu 'yan shirin AAdvantage sun yi ƙorafin an rage darajar mil ɗin da suka riga suka tara, kotu ta ce ba za su iya amfani da dokar kare masu sayayya ta jihar Illinois ba, amma suna iya ƙara a kan karya alkawarin da kamfanin ya ɗauka da bakinsa. Sai 2014, shari'ar Northwest da Ginsberg, wani malamin Yahudawa da kamfanin ya kora daga shirin a 2008 bisa cewa ya cika ƙorafi, a wasiƙarsu sun lissafa masa sau 24 cikin wata takwas. Ya ce ba a yi masa adalci ba, kamfanin bai yi mu'amala da shi da kyakkyawar niyya ba, alƙalai tara duk suka haɗu a kan cewa wannan hujja ta kyakkyawar niyya, yadda take a dokar Minnesota, ba ta da wurin zama saboda dokar 1978. Ma'ana abin da aka rubuta shi kaɗai za ka riƙe, su kuma tun bayan Wolens suka gyara rubutunsu yadda ba su yi maka alkawarin komai ba. Ta ɓangaren banki ma yawancin takardun kati suna ɗauke da sharaɗin cewa in rigima ta taso a je wurin mai sasanci, ba kotu ba.

Saboda haka haɗarin da ke gabanka na gaske shi ne rage daraja a hankali, tikitin da ke cin mil kaza bana ya ci fiye da haka baɗi ba tare da an sanar da kai ba. Ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike a kan wannan a Satumban 2024, ta nemi bayanai daga American da Delta da Southwest da United. Rasa mil gaba ɗaya kuwa sai kamfani ya mutu murus, kamar Air Berlin a Jamus a 2017 da shirinsa na Topbonus ya bi shi. Manyan na Amurka, United da Delta da Northwest da US Airways da American, duk sun shiga kotun fatarar kuɗi sun fito mil ɗin mutane na nan, kuma dalilin a fili yake, shirin ne abin da ya fi daraja a gidan, bankin da ya zuba kuɗi ba zai bari a taɓa shi ba.

Da ni ne kai ga yadda zan yi. Yau ɗin nan zan shiga asusun AAdvantage in ɗauki hoton abin da ke ciki da kwanan wata, in adana takardun lissafin katin na watannin baya, don inda ake samun ɓata lokacin sauyin banki shi ne mil ɗin watan ƙarshe, wanda ka riga ka yi sayayyarsa amma bai kai ga shiga asusun jirgi ba. In bai shigo ba bankin za ka bi, da hujja a hannu galibi suna gyarawa, in sun ƙi akwai hukumar CFPB da ke karɓar ƙorafi a kan bankuna, na kamfanin jirgi kuma ma'aikatar sufuri. Wasiƙar da Citi zai aiko ka karanta ta duka don Allah, ka duba kuɗin shekara, ka duba ko jakar kyauta da sauran alfarmar suna nan, ka kuma tuna da duk kuɗaɗen da ke fita da kansu daga tsohuwar lamba kar a yanke maka waya ko inshora. In ka ga sabon katin bai yi maka ba ka yanke shawarar rufewa, mil ɗinka ba zai tafi da shi ba, amma ka sani a AAdvantage asusun da ya yi wata 24 ba motsi mil ɗinsa na iya ƙonewa, kuma katin na cikin abin da ke kare ka daga hakan.

Ka kuma bambance mil na kamfanin jirgi da makin banki, irin Membership Rewards na American Express ko ThankYou na Citi. Shi makin banki yana wurin banki, kuma ikon juya shi zuwa kamfanin jirgi kaza ya dogara ne da zaman lafiyarsu. A ƙarshen Satumban 2011 kamfanin jirgin Continental ya fita daga tsarin American Express bayan ya haɗe da United, wanda ke tare da bankin Chase, duk wanda bai juya makinsa kafin ranar ba ƙofar ta rufe masa.

Babbar shawarata dai tunda niyyarka kai iyali gida ce, ka fara neman kujeru tun yanzu, kar ka jira sai ya cika lissafin kowa da kowa. American ba ya zuwa Najeriya da kansa, ta abokan ƙawancensa za ka bi, British Airways ko Qatar Airways ko Royal Air Maroc, kuma kujerun mil na mutum huɗu ko biyar a jirgi ɗaya, musamman lokacin hutun bazara da Disamba, wuyar samu gare su sai an nema da watanni. Ta Landan kuma ka shirya wa ƙarin kuɗi mai nauyi da British Airways ke ɗorawa a kan tikitin mil, wani lokacin in ka lissafa gara ka biya wa mutum biyu da mil sauran ka saya musu da kuɗi. Sannan duk wannan lissafin yana aiki ne kawai in kana biyan bashin katin duka kowane wata, don kuɗin ruwan irin waɗannan katunan ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, in ka bar bashi ya yi ta kwana zai iya cinye darajar mil ɗin da ka tara. Hukuncin riƙe katin kansa a addini wannan fagen malamai ne, ka tambaye su, ni ta fuskar doka da lissafi nake magana.

Wani abu kuma da zai iya canza harkar fiye da kowace shari'a shi ne kamashon nan na mai shago. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa katunan can ba sa ba da mil kamar na Amurka. A majalisar dattawan Amurka sanatoci Dick Durbin da Roger Marshall sun kawo ƙudurin da zai ƙara gasa a wannan fannin tun 2022, kuma a nan za ka ga bankuna da kamfanonin jirgi sun ajiye faɗansu sun haɗa kai suna yaƙarsa.

Abin da na faɗa bayani ne na gaba ɗaya, takardar katinka da wasiƙar sauyin su ne hujja a kan naka asusun. In sun iso akwai layin da ya shige maka duhu, ka rufe suna da lambobin ka turo min hotonsa in duba maka. Allah ya kai ku gida lafiya.